Kwalba Ta Uku

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku, na ga masu cigiya, har da mai tsokanar ko Auta ta yi aure ne ta manta da mu. Ina ma haka ne. Kwana tara ina ɗaukar waya ina ajiyewa, hannuna ya ƙi rubutu. Yau dai na ce ko zan yi kuka ne sai na faɗa. Masu zagin Tabarau a ƙasan rubutuna, don Allah ku dakata haka, ku karanta wannan tukuna. In kun gama za ku san wanda ya cancanci zagin.

Ga wadda ta shigo yau, matso kusa in yi miki bayani. Ni ce auta a gidanmu, kuma sunan ya bi ni har wurin aiki. A wani ɗakin bincike nake aiki, amma kada ki ɗauka wata babba ce ni. Mai kula da ɓeraye ce. Ni ke zuba musu abinci, in cika musu ruwa, in canja musu dusar katako, in riƙe su idan za a auna su. Ummana tela ce. Shekara talatin tana taka keken ɗinki da ƙafar dama, da wannan ƙafar ta raine mu ni da Yaya bayan rasuwar Baba. Ciwon suga ya daɗe a jikinta. Wata huɗu da suka wuce ta taka fil a ƙasan keken, ba ta ko ji ba, ɗan hujin nan shi ya zama gyambo a tafin ƙafarta. Tabarau kuwa ɗaya ne daga cikin masu binciken, kaurin gilashinsa ya jawo masa sunan. Shi ke neman aurena.

Ranar Alhamis ɗin da zan ba ku labarinta, da safe na shiga ɗakin Umma da kwanon ruwan gishiri mai ɗumi, da auduga, da bandeji, da 'yar kwalbata da nake ajiyewa a firij bayan robar madara. Keken na gindin taga an lulluɓe shi da tsohon zane. Yadudduka na mutane jibge a kan kujera, kowanne da 'yar takardar awo maƙale a jiki. Umma na kishingiɗe cikin doguwar rigarta ruwan toka, ƙafar a kan matashi biyu, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Wata biyu rabonta da ɗinki, amma kullum sai ta rataya shi.

"Likitar gidanmu ta iso," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, da kofin shayi a hannu.

Gwaggo yayar Baba ce. Da ya rasu ta zo ta ce za ta taya mu zama na wata ɗaya. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan watan bai cika ba.

Na kwance bandejin. Jama'a, warin ne ya fara dukana. Bakin mikin ya tsuke daga sama kamar zai haɗe, amma ƙafar ta kumbura tana sheƙi, yatsu biyu sun yi duhu kamar an goga musu gawayi.

"Umma, kina jin zafi a nan?" Na danna da ɗan yatsa.

"Ko kaɗan, Autana. Tun shekaranjiya ban ƙara jin komai ba."

"Ai shi ke nan!" Gwaggo ta dangwarar da kofin ta tafa. "Zafi ya tafi. Baƙin nan da kike gani dattin ne ke fitowa waje. Wancan likitan mai son wuƙa, da mun biye masa da yanzu yatsu biyu na cikin bola. Shafa mata, shafa da yawa, kada ki yi mana rowa irin ta mijinki."

"Gwaggo, ba mijina ba ne tukuna."

"Ai ya kusa. Tun da ya shiryu ya kawo magani, ni na yafe masa gilashin."

Umma ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na tsoma auduga cikin kwalbar, na lakato man, fari tas, sanyi ƙalau, ba shi da wari ba shi da ƙamshi. Na shafa a hankali, na naɗe. Katin asibiti na cikin aljihun keken ɗinki, ranar da aka rubuta mana mu koma ta wuce da kwana goma sha shida.

Ina wanke hannu wayata ta yi ƙara. Saƙon Tabarau ne.

"Barka da safiya, Autar Umma. Yau ƙarfe goma sha ɗaya Farfesa za ta buɗe ambulan ɗin gwajinmu. Ki sa farar rigarki mai kyau, har da hoto za a yi. Ya ƙafar? Kun koma wurin likitan?"

Na rubuta masa: "Da sauƙi sosai. Mun koma."

Ƙarya ce, 'yan uwana. Kuma ba ita ce ta farko ba.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane yadda kwalbar nan ta shigo gidanmu. Lokacin da aka fara kwantar da Umma a asibiti na ɗauki hutun sati uku ina jinyarta. Da aka sallame mu likitan tiyata ya ce mu dawo bayan sati biyu, za a kankare mataccen nama, wataƙila kuma a cire yatsu biyu don a ceci sauran. A mota na ga Umma tana kallon ƙafar kamar mai kallon jaririn da za a raba ta da shi.

Na koma aiki na tarar an fara sabon gwaji ba na nan. Ɓeraye talatin, an jera kejinsu a kan kanta uku, goma-goma. Kowanne an sa shi barci an yi masa ɗan miki zagayayye a baya, girman maɓallin riga. Gwajin wani man shafawa ne da ake fatan zai sa mikin masu suga ya riƙa warkewa da wuri. A firij akwai kwalabe uku masu lamba ɗaya, biyu, uku. Ta ɗaya ga kantar sama, ta biyu ga ta tsakiya, ta uku ga ta ƙasa. Duk kamarsu ɗaya. Ƙa'idar aikin ita ce mai shafawa da mai aunawa kada su san wace kwalba ce ke ɗauke da maganin, don kada son rai ya shiga awon. Amsar na cikin ambulan a ofishin Farfesa, sai an gama a buɗe.

Bakina ne ya jawo min. Na faɗi maganar a gida muna cin abinci, Gwaggo ta ajiye cokali. Ranar Asabar Tabarau ya zo gaida Umma, da shuɗiyar rigarsa mai dogon hannu da ledar lemo. Ko zama bai gama yi ba ta tare shi.

"Kai yaro, an ce kuna da maganin gyambon masu suga."

"Muna dai gwadawa, Gwaggo. A kan ɓeraye."

"To ɓera ya fi surukarka daraja ne?"

Ya gyara gilashi. Idan ya rasa abin faɗa haka yake yi. "Ba haka ba ne. Ba a taɓa shafa wa ɗan adam ba, ban san abin da zai yi mata ba. Ni kaina ban san kwalbar da maganin yake ciki ba."

"Ji min ƙarya da rana tsaka! Kai ke aikin, kai ne kuma ba ka sani ba?"

"Wallahi haka tsarin yake. Gwaggo, don Allah ku mayar da ita wurin likitan ranar da ya ce. Ni zan kai ku da motata."

"Ka riƙe motarka. Ka kuma ɗauki lemonka, mai suga ka kawo wa zaƙi don ka ƙarasa ta. Kada ka ƙara tako gidan nan sai da maganin a hannunka."

Umma na ce wa Gwaggo "Haba Yaya, haba Yaya," amma wa ke jin ta. Ya miƙe ya durƙusa ya yi wa Umma sallama, ya fita da kunnuwansa sun yi ja. Washegari Yayata ta kira ni daga gidan mijinta. "Auta, mutumin da ya hana uwarki magani tun kafin aure, me kike tsammanin zai ba ki bayan aure?" Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Ga Umma da ƙafarta, ga shi da gaskiyarsa, ga ni a tsakiya.

To ni fa ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina da ido, kuma da shi nake taƙama. Babu wanda ya kai ni sanin ɓerayen nan. Na kantar sama da na tsakiya kullum a jiƙe dusarsu take da fitsari irin na masu suga, sau biyu nake cika musu ruwa a yini, gashinsu a hargitse, mikinsu ja jawur yana nan kamar an yi shi jiya. Na kantar ƙasa kuwa, zo ku gani. Dusarsu a bushe, ruwansu na kai musu kwana biyu, jikinsu sumul-sumul suna ta tsalle. Duk ranar awo in na riƙe su Tabarau ya ɗora rula ya ɗauki hoto, mikin ƙanƙancewa yake yi a kan idona. Na ce a raina, su masu digiri su jira ambulan ɗinsu, ni na riga na gano. Kwalba ta uku ce. Ba miki kaɗai take warkarwa ba, har sugan ma tana saukarwa.

Ban tambayi kowa ba. In na tambaya za a gane inda na dosa.

Ranar wata Laraba, lokacin da kowa ya fita cin abincin rana, na buɗe firij da safar hannu, na ɗebi cokali uku na zuba a 'yar kwalbar da na dafa a gida. Garin sauri murfin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin teburi. Da na isa gida na ajiye ta a gaban Gwaggo na ce, "Ga shi. Shi ya ba ni. Ya ce kada a gaya wa kowa, aikinsa zai iya tafiya." Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Umma ta share hawaye ta ce, "Allah ya yi wa ɗana albarka." Tun daga ranar sunansa ya koma ɗana a bakinta. Ni kuwa har na ji daɗi, ku yarda da ni. Na ga na ceci ƙafa, na kuma ceci aure, da cokali uku.

To mu dawo ranar Alhamis. Na sa doguwar rigata mai ruwan ganye da Umma ta ɗinka min bara, na ɗora farar rigar aiki da na goge tun asuba. Ɗakin taro ya cika. An jera lemon kwalba da biskit a kan teburi, an haska hotunan mikin ɓerayen a bango. Tabarau na gaba da takardunsa, ya hango ni ya ɗaga gira. Na zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, zuciyata fes. Har na shirya yadda zan yi murmushi idan aka ce ta uku ce.

Farfesa gajeruwar mace ce mai kaifin murya, ba ta son dogon bayani. Ta yage ambulan ɗin da ɗan yatsa ta karanta.

"Kwalba ta ɗaya ita ce mai maganin. Ta biyu man zalla ne, babu komai a ciki."

Aka ɗauki tafi. Tabarau ya nuna wani zane a bango, ya ce na kantar sama sun riga na tsakiya haɗewa da kwana huɗu. Farfesa ta ce abin a yi murna ne, amma kada kowa ya yi rawar kai, tsakanin bayan ɓera da ƙafar mutum akwai shekaru na aiki.

Ni dai ban gane ba. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, ni da ban taɓa magana a taro ba.

"Farfesa, ta ukun fa?"

Wasu suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Farfesa ta leƙo ni ta saman takardar.

"Ta uku ai ba ta cikin ambulan, Auta, kowa ya sani. Waɗancan ba mu yi musu allurar da ke sa suga ba tun farko. Lafiyarsu ƙalau. Man zalla muka shafa musu, don mu ga yadda lafiyayyen jiki ke warkewa da kansa, mu gwada da sauran. Au, ashe kina hutu lokacin da aka raba su. To a zo a yi hoto."

Kowa ya sani. 'Yan uwana, kowa ya sani.

Ban san yadda na fita ba. Na tsinci kaina a ɗakin ɓerayen. Tun da aka gama gwajin babu ko ɗaya, kejin duk a kife, ni da kaina na wanke su na jera. Na dafa kantar ƙasa, na sulale na zauna a kan siminti da farar rigata. Dusa a bushe. Ruwa na kai kwana biyu. Duk abin da na gani gaskiya ne, fassarar ce tawa.

Ƙofa ta buɗe. Tabarau ne, da biskit a hannu ya kawo min.

"Ana nemanki a hoto. Auta? Me ya same ki?"

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, don babu sauran ƙarfin ƙarya a jikina. Ya ajiye biskit ɗin a kan keji. Ya cire gilashin gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Sati nawa?"

"Uku."

"Likitan fa?"

"Ba mu koma ba."

"Sau huɗu na tambaye ki. Yau da safe ma na tambaye ki."

Ya matso ya tsaya a kaina.

"Da kin tambaye ni, Auta. Kalma ɗaya. Ba sirri ba ne, mai gadi ma ya sani."

"Da na tambaye ka da ka gane."

"Da na gane, da na hana ki!" Muryarsa ta tashi, sai kuma ya sassauta. "Ko ta ɗayar kika ɗauka ba abin da za ta yi mata. Namu miki ne mai tsabta, mu muka yi shi da hannunmu, a saman fata. Na Umma ya ci ciki, wanke shi ake yi a cire ruɓaɓɓen. Ya ƙafar take yanzu? Ki gaya min gaskiya ko sau ɗaya."

"Ta kumbura. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ta daina jin zafi."

Ya rufe ido ya yi salati a hankali.

"Akwai saura," na ce. "Na ce musu kai ka ba ni."

Ya daɗe yana kallona da idanun nan nasa da suka ƙanƙance babu gilashi. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shi ya sa Gwaggo ta aiko min da gaisuwa ranar nan. Na yi ta mamaki."

Wayata ta hau ruri a aljihu. Yaya.

"Auta, kina ina? Maza ki taho asibiti. Na zo gaida Umma na tarar da ita tana rawar sanyi, jikinta kamar wuta, tana kirana da sunan Baba. Maƙwabcinmu ya kawo mu."

A motar Tabarau muka tafi. A wata mahaɗa danja ta tsayar da mu, na ga wata mata na tsallaka titi da yaro a hannu, tana sauri da ƙafafunta biyu kamar ba komai ba ne. Na kawar da kai.

Gado na shida, kusa da taga. An sa wa Umma ƙarin ruwa, zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalinta ya dawo. An yaye bandejin an rufa ƙafar da farin ƙyalle. Gwaggo na zaune a kujera da mayafinta a karkace, Yaya na tsaye tana yi wa Umma fifita da kwali. Likitan nan ne dai, dogo, cikin koren kayan tiyata, da takarda maƙale a allo.

"Wancan karon yatsu biyu na ce muku," yake cewa lokacin da muka shiga. "Yanzu ba maganar yatsu ake ba. Ciwon ya kai ƙashi, ya fara shiga jini. Ƙasan gwiwa za mu yanke, kuma yau. Mama, ki sa min hannu a nan."

"Ba zan sa ba," in ji Umma. Muryarta ƙasa-ƙasa amma a tsaye. "Likita, kai dai ba ka sani ba ne. Muna da magani. Bakin mikin har ya fara haɗewa, ka duba da kyau."

"Na duba, Mama. Sama ya rufe, ciki ya ruɓe. Wane magani ne?"

Sai ta hango mu. Fuskarta ta washe. "Yauwa, ga shi nan ma Allah ya kawo shi. Ɗana, matso. Gaya wa likita abin da ka ba mu. Ku masu ilimi kun fi jin maganar junanku. Ce masa ya ƙara min sati ɗaya."

"Faɗa masa, yaro, kada ka ji tsoro," in ji Gwaggo. "Mu ba za mu bari aikinka ya taɓu ba."

Tabarau ya tsaya a ƙarshen gadon. Bai ce ni ne ba, bai ce ba ni ba ne. Ya juyo ya dube ni kawai. Likitan ya dubi agogonsa.

Na san in na yi shiru Umma ba za ta sa hannu ba. Na san halinta, in ta kafe ko mu duka za mu kwanta a ƙasa ba za ta motsa ba. Na durƙusa a gefen gadon na kama ƙarfen.

"Umma, ba shi ya ba ni ba. Ni na ɗauko, bai sani ba. Kuma babu magani a ciki. Man zalla ne. Yau na sani."

Kwalin ya tsaya a hannun Yaya.

"Ƙarya take yi, rufa masa asiri take!" Gwaggo ta miƙe tana nuna shi. "Kai ka cuce mu, ka ba mu na banza ka ɓoye na gaske!"

"Gwaggo, wallahi bai sani ba. Shi cewa ya yi mu dawo asibiti. A gabanki ya faɗa."

Gwaggo ta koma ta zauna a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Umma ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kalli silin ta daɗe, sannan ta juyo da kai.

"Sati uku kina durƙusawa a gabana safe da yamma, kina cewa Umma ya fi jiya."

"Ni ma haka na zata, Umma."

"Ranar da aka rubuta a katin nan, na yi wanka, na sa kaya, na ce ki kira mana mota. Me kika ce min?"

Wannan ban taɓa gaya muku ba, 'yan uwana. Na bar ku kuna ganin laifin Gwaggo. Gwaggo baki ne da ita kawai. Ranar tana kasuwa ma.

"Na ce ki ƙara min sati ɗaya."

"Na kuma ƙara miki." Ta miƙa hannu. "Likita, kawo."

Ya riƙe mata allon. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, yadda take rubuta awon mutane. Nas biyu suka turo gado mai taya. Na miƙe zan kama hannunta, ta janye shi ta ɗora a ƙirji.

"Yayarki za ta riƙe ni. Ke ki fita."

Na fita.

Bencin da ke gaban ɗakin tiyata na ƙarfe ne, mai sanyi. Rana ta karkata, haskenta na shigowa ta tagar barandar yana kwanciya a kan tayil. An tafi da Yaya wani ginin za a ɗebi jininta, don nata ne ya dace da na Umma. Gwaggo ta ce sai ta je gida ta ɗauko zannuwa da filas, Tabarau ya ce zai kai ta. Ta bi shi ba musu, kanta a ƙasa. Na rage ni kaɗai, har yanzu da farar rigar aiki a jikina, masu wucewa na gaishe ni suna zaton ma'aikaciya ce.

Saƙon Tabarau ya shigo. "Ki sha ko ruwa ne. Zan dawo. Gobe kuma dole mu je wurin Farfesa, ni da ke." Na karanta sau uku ina neman Autar Umma a ciki. Babu.

Wajen minti arba'in da shigar da Umma ƙofar ta buɗe. Likitan ne da kansa, takunkumi a haɓarsa, wata nas na biye da shi da allon takarda.

"Ina masu jinyar gado na shida?"

Na miƙe. "Ga ni."

"Mun buɗe. Ya wuce inda muka zata. Naman ƙasan gwiwar ma ba ya jini, in muka tsaya a nan ba zai warke ba, ciwon zai ci gaba da hawa. Sai sama da gwiwa." Ya karɓi allon ya miƙo min. "Takardar da ta sa wa hannu ta ƙasan gwiwa ce. Tana cikin barci, ba zan tashe ta ba. Ke 'yarta ce?"

"Ni ce. Amma akwai Yayata, ita ce babba. Bari in kira ta."

Na kira. Wayar ta yi ta ringin a cikin jakar Yaya, a nan gefena a kan benci.

"Ba ni da lokacin da za a je a nemo ta," in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba. "Jininta na sauka."

Nas ɗin ta cire murfin biro ta riƙe min. Na dubi layin da babu komai a kansa, ƙasa da inda aka rubuta dangantaka da marar lafiya.

"Likita, in ta farka, za ku gaya mata wanda ya sa hannu?"

"Ba sai mun gaya mata ba. Sunan zai kasance a takardar."

Na karɓi biron.